Mai Faci a Titin da Aka Hana Motoci

Shekara ashirin da shida ya yi yana faci a gindin katangar tsohon gidan burodi, daidai inda titin kasuwa ya faɗa babbar hanya. Sunansa na yanka ya ɓace tun tuni, sai dai a katin asibiti. Direbobi da masu shaguna duk Sai-na-gani suke kiransa. In direba ya mirgino masa taya ya ce, "Ƙusa ce, ga ta nan a gefe," ko kallon inda aka nuna ba ya yi. Sai ya zare tif ɗin, ya ba shi iska, ya tsoma a bahon ruwa yana juyawa a hankali har kumfa ya taso, sannan ya gyaɗa kai. Ko lokaci ya tambayi mutum, in an faɗa masa sai ya leƙa agogon da kansa.

Maiɗakinsa takan ce ba da wannan hali ta aure shi ba. Yana saurayi, a gindin wata babbar tsamiya yake aiki tare da maigidan da ya koya masa sana'ar. Wata shekara mutanen ofishin tsara gari suka zo suka ce za a faɗaɗa hanya don motoci sun yi yawa, kuma duk mai sana'a a wurin za a ba shi shago mai ƙofa. Aka ba kowa takarda mai hatimi. Tsamiyar da mutum uku ba sa zagaye ta da hannu, kafin azahar an gama yanka ta gunduwa-gunduwa. Maigidan nasa ya ajiye takardar a ƙarƙashin katifa yana jiran shago har ya koma ga Allah. Shi kuwa ya loda jak da libobin ɓanɓare taya da baho a baro, ya turo su gindin katangar nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya ja da baya.

Titin kasuwa ba wurin hutu ba ne. Daga safe har faɗuwar rana motoci a jere suke, hanci a gindin juna, hon na tashi, salansa na feso wa mutum hayaƙi a fuska. Amma daga wannan cunkoson yake ci. A gefensa akwai Dogo bakanike, wanda ke gyara a bakin titi, motocinsa rabi a kan kwalta rabi a kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Shekara ashirin suna raba shayi da kwastomomi: mai matsalar birki a tura shi gun Dogo, mai taya a turo shi nan. Gidan da Sai-na-gani yake haya yana cikin titin, ɗaki biyu a hawa na biyu, tagarsu na kallon motocin. Yaransu sun girma sun watse, saura shi da maiɗakinsa da keken ɗinkinta, da kuma wani tari da ya kama shi shekara shida ya ƙi saki.

Wata Talata da hantsi yana goga wa tif gam, sai ga mutum huɗu da tef na awo da gwangwanin jan fenti. A gabansu wata matashiya ce sanye da hular kwano, riƙe da naɗaɗɗiyar takarda. Suna tafiya suna awo, kowane taku goma a ɗiga fenti a kan kwalta. Ɗigo na farko daidai ƙafar bencinsa aka yi shi.

"Sannu da aiki, Baba," in ji matashiyar.

"Yawwa 'yata. Wannan jan abin fa?"

Ta ce ita injiniya ce, kuma nan za a tona rami a dasa bishiya. Za a rufe titin daga bakinsa har ƙofar kasuwa. Mota ba za ta ƙara shiga ba sai ta asibiti da ta kashe gobara, da masu sauke kaya da sassafe. Filin ajiye motocin da ke tsakiya kuma za a mayar da shi lambu, da ciyawa da kujeru.

"Daga wane ofishi kuke?"

Ta faɗa. Ya ajiye tif ɗin, ya goge yatsunsa a gwiwar wando.

"Ofishin naku tuba ya yi? Na san shi da zarto, ban san shi da dashe ba."

Ta yi murmushi, don ba ta gane ba. Lokacin da aka sare tsamiyar ko haifarta ba a yi ba.

Ranar bai ƙara aikin kirki ba. Ya zauna da Dogo yana warware masa yadda abin yake. Ruwa ba ya tsami banza. Za su kori motoci da sunan lambu, in wurin ya yi fili a zagaye shi da kwano, wata shida ka ga otal ya tashi. Bishiyoyin kuwa toka ce ake watsa wa mutane a ido. Sannan ya nuna shagon mai kemis da haɓa.

"Ka lura da shi? Mako biyu ke nan da ya sake fentin gaban shagonsa. Mutumin da ƙwan lantarkinsa ya mutu ya shekara bai canza ba. Wa ya gaya masa titin zai yi kyau?"

Dogo ya ce biri ya yi kama da mutum.

Bayan kwana goma aka kira taron mazauna titin a ajin wata makaranta. A bakin ƙofa akwai tebur da takardar da kowa ke sa hannu a shaida ya zo. Sai-na-gani ya duba saman takardar, ya juya bayanta, ya ga akwai fili fari a sama wanda zai ɗauki layi biyu. Ya ce shi ba zai sa hannu ba, don gobe ana iya rubuta "mun amince" a filin nan. Ya shiga ya zauna a kan kujerar yara, gwiwoyinsa na taɓa tebur. Injiniya ta nuna hotunan yadda titin zai koma: inuwa ko'ina, mata na tura jarirai a keke, tsofaffi a kan benci. Ya lura babu mai faci ko ɗaya a cikin hotunan, babu bakanike. Da aka ba da damar magana ya miƙe.

"Ni dai abu ɗaya zan faɗa. Bishiyoyin nan ba za su yi wata uku ba. Ku rubuta ku ajiye."

Aka yi dariya, wasu suka tafa. Mai kemis bai tafa ba, kuma Sai-na-gani ya ga hakan.

Aka kawo manyan tubalan siminti aka tare bakin titin. Safiyar farko ya tashi da ciwon kai, ya rasa dalili, sai maiɗakinsa ta ce shirun ne. Daga tagarsu ana jin takun mutane, ana jin mai shara tana jan tsintsiya. Ya tsaya yana saurare kamar wanda ke jiran abin da zai biyo baya.

Abin da ya biyo baya takarda ce, kuma ba tasa ba. Aka ba Dogo mako biyu ya kwashe motocinsa ya koma wani fili bayan gadar sama, can ƙarshen gari. Mai faci kuwa aka ce ya zauna inda yake, don wurinsa bai tare hanya ba, kuma masu keke za su buƙace shi. Dogo ya karanta takardarsa sau biyu, ya ninke ta, ya daɗe yana kallon abokinsa.

"Kai da ka fi kowa baki a taro, kai aka bari?"

"Ni ma abin ya ɗaure min kai."

"Uhm," in ji Dogo.

Ranar da ya tashi, shi kaɗai ya ɗaure akwatin sifanoninsa a bayan motar ja. Sai-na-gani ya zo zai kama masa ɗaya gefen, ya ce a bar shi, ba nauyi. Bai waiwayo ba har ya sha kwana.

Dashen kuma a bayan idon Sai-na-gani aka yi shi. Yayansa ya kwanta ciwo a wani gari, ya je ya kwana uku. Da ya dawo ya tarar da titin jere da 'yan bishiyoyi arba'in da biyu, kowace tsawon ƙugu, an ɗaure ta da sanda, an kewaye ta da farin dutse. Ramuka arba'in da biyu a kan kwalta, an ce a kwana biyu aka gama su. Ya lissafa da yatsunsa, abin bai yi masa daidai ba, amma babu wanda zai faɗa wa. Washegari aka yi taron buɗewa. Shugaban ofishin da kansa ya sunkuya ya dasa ta arba'in da uku a ramin da ke gefen bencin faci, masu hoto na ɗauka. Ɗan kwangilar da ya yi aikin, wani mai kaurin wuya da farar hula, yana tsaye yana riƙe masa butar ban ruwa. Sai-na-gani ya tambayi sunan bishiyar, Injiniya ta faɗi wani dogon suna, ya ce wannan ai sunan maganin hawan jini ne.

Tankar ruwa ta zo kwana uku a jere, daga nan ba a ƙara ganinta ba.

Aikinsa ya ja baya sosai. Wuni guda sai ya ga keke biyu da baro ɗaya. Injin ba da iskarsa, wanda a da ba ya hutawa, ya rufe shi da buhu. Duk yamma in zai tashi, sai ya tuntsurar da ruwan bahon, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. A da kwalta ruwan ke bi ya shiga kwata. Yanzu rami ne a wurin, don haka gindin bishiyar shugaba yake zuba, ba don ƙauna ba, don nan ne kusa.

A mako na huɗu ganyaye suka fara rawaya. A na shida suka fara zuba. Kafin wata biyu titin ya zama jerin busassun tsinke ɗaure da sanduna. Guda huɗu ne suka rage da ɗan rai: uku a gaban ƙofar kasuwa, sai ta gefen bencinsa, wadda ita har sabon toho ta yi.

Da farko ya ji daɗi, don maganarsa ta fito. Ya zauna yana jiran mutane su zo su ce ashe ka faɗa. Ba wanda ya zo. Mai sayar da takalma da ke gaishe shi kullum ya fara wucewa yana duban waya. Mata biyu suka tsaya nesa suna kallon bahonsa, ɗaya ta rufe baki da gefen mayafi. Wani mai keke ya turo kekensa har gabansa, aka kira shi daga baya aka raɗa masa wani abu, ya juya ya tafi da tayarsa a sace.

Maiɗakinsa ce ta kawo masa labarin. Ta ajiye masa abinci, ta zauna a bakin gado, ba ta kunna keken ɗinkin ba.

"Malam, ka san abin da ake faɗa a matattakala?"

"Me ake faɗa?"

"Wai kai kake kashe su. Mai kemis ya ce ya sha ganinka da yamma kana zuba wani abu. Wai kana bin su da ruwan batir don maganarka ta tabbata, ka bar taka don a ce ba kai ba ne."

Ya ajiye cokali. "Ke kin yarda?"

Ta ɗan yi jim, kuma wannan jim ɗin ya fi maganar mai kemis yi masa zafi.

"Ban yarda ba. Amma kai ka tashi a gaban jama'a ka yanke musu wata uku. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shekara nawa kana auna mutane da ido? Mai nama ka ce ya taɓa sikeli, surukinka ka ce da wata manufa ya kawo maka takalmi. Yau an auna ka, ka ji yadda abin yake."

Abincin haka ta ɗauke shi.

Bayan kwana biyu Injiniya ta zo da wani mutum mai ɗauke da 'yar kwalba. Ta gaishe shi da ladabi kamar kullum, amma ba ta haɗa ido da shi ba. Ta ce in ba damuwa za su ɗebi ruwan bahonsa a gwada. Masu shaguna suka fito bakin ƙofofinsu. Ya matsa gefe, ya bar mutumin ya cika kwalbar. Da suka gama ya sunkuya ya kamfaci ruwan da tafin hannu, baƙi-baƙi da ƙurar roba, ya kurɓa a gabansu, ya goge bakinsa.

"Ku gwada ni ma," ya ce.

Injiniya ta sunkuyar da kai ta tafi.

Zaman da ya yi bayan tafiyarsu shi ne karo na farko da ya bar tunanin otal ya koma tunanin bishiya. In taya ta sace, ba a tsayawa zagin hanya, cikinta ake buɗewa. Ya tuna lissafin da bai yi masa daidai ba: ramuka arba'in da biyu, kwana biyu. Shi ya san kwaltar titin nan. Ya taɓa son kafa ƙarfen rumfa a cikinta, ya wuni da diga bai wuce tsawon hannu ba.

Washegari da safe, lokacin masu sauke kaya na fita, ya ɗauki doguwar libarsa, ƙarfen da yake ɓanɓare tayar babbar mota da shi, ya nufi wata busasshiyar bishiya gaban shagon tela. Ya soka libar a ƙasar gindinta, ya danna. Taƙi ɗaya ta shiga ta tsaya, ƙarfe ya yi ƙara. Ya matsa gefe ya sake sokawa, haka. Ya kama tsinken ya ja, sai ga shi ya fito ba gardama, saiwarsa ƙunshe a cikin baƙar ledar da aka raino shi a ciki, ko yage ta ba a yi ba. Ya share ƙasar da hannu. A ƙasa kwalta ce lafiyayya, an ɗan kankare samanta aka zuba ƙasa aka jera farin dutse. Ya gwada shida, duk kanwar ja ce. Ya je ukun da ke ƙofar kasuwa, liba ta nutse har rabi. Ta gindin bencinsa ma haka. Ya mayar da kowane tsinke yadda ya same shi, ya dawo ya zauna.

Bai gaya wa kowa ba, har maiɗakinsa. Abin da ke cinsa shi ne Injiniya. Aiki irin wannan ba ya wucewa sai da sa hannun wani. Ko dai da ita aka ci, ko an rufe ta ne. In da ita aka ci ya kai mata magana, kafin gari ya waye an kwashe tsinkayen an cike ramuka, shi kuma ya zauna da sunan mai ruwan batir har kabari. Kwana uku yana juya abin. Ya tuna yadda ta kasa kallonsa ranar kwalba. Wannan kunya ce ko tsoro? Ya kasa rabewa.

Ranar Litinin ta dawo ita kaɗai, ta ce an gwada ruwan, babu komai a ciki sai datti, kuma ta ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Ya duba ya ga titin cike da mutane, sannan ya miƙa mata libar.

"'Yata, ki taimaka min da wani abu. Zaɓi bishiya ɗaya, duk wadda kika ga dama, ki soka wannan a gindinta."

Ta karɓa da hannu biyu don nauyi. Ta zaɓi ta gaban kemis. Shi bai kalli ƙasa ba, fuskarta ya tsare da ido. Ƙarfen ya daki kwalta. Ta ɗaure gira, ta sake sokawa. Ta durƙusa da tsabtataccen wandonta ta tona da yatsu, ta jawo tsinken da ledarsa. Ta tashi ta tafi na gaba, da na gaba, tana sauri, har hular kwanonta ta faɗi ba ta tsaya ɗauka ba. A na biyar ta tsaya. Wanda ya san abin da ke cikin rami ba ya tona biyar.

"Ranar da na zo dubawa an tona min uku na gani," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Zurfinsu ya cika."

"Wa ya zaɓi ukun?"

Sai ta ciro waya.

Ɗan kwangila ya iso bayan azahar. Motarsa ta tsaya a bakin tubalan siminti, dole ya sauka ya tako titin a ƙasa, cikin rana, babu inuwa ko ta tafin hannu. Kafin ya iso farar hularsa ta jiƙe. Ya ce ƙasar unguwar ce ba ta da kyau. Ya ce irin bishiyar ne ba ya son zafi. Ya ce shi ma ya ji labarin akwai mai zuba guba, ya juyo yana neman mai faci da ido. Sai-na-gani ya miƙa masa libar ta wajen mariƙi. Mutumin ya ƙi karɓa. Tela ya fito daga shago ya tumɓuko tsinkaye uku da ledojinsu ya jera a gabansa kamar kayan sayarwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kuwa ko taƙi biyu bai kai ba.

Aka karɓe aikin aka ba wasu. Mako uku injin fasa kwalta na girgiza tagogi, har wasu suka ce gara hon. Babu wanda ya sa shi, amma kowane rami sai Sai-na-gani ya tsaya a kansa da liba kafin a sa dashe, kuma sai ya ga an yage leda an ba shi a hannu. Leburorin suka yi ta gunaguni, suna ce masa sufeto. Ya tara ledojin a buhu, ya ajiye a ƙarƙashin benci, ko da wata rana za a yi musu. Tankar ruwa ma ya sa mata ido. Ranar da ta yi fashi, da kansa ya je ofishin ya zauna a kan benci har aka gaji da ganinsa.

Mai kemis ya zo wata yamma ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce zato zunubi ne, a yafe masa. Sai-na-gani ya ce ya yafe, sannan ya tambaye shi maganar fenti. Mutumin ya ce mai gidan ne ya matsa masa, ko ya gyara gaban shagon ko ya tashi. Sai-na-gani ya ce to. Da ya hau sama ya gaya wa maiɗakinsa cewa amsar ta fito da sauri fiye da kima, kamar an shirya ta.

Injiniya ba ta ga tohon sababbin bishiyoyin ba. Aka ɗauke ta daga aikin aka mayar da ita sashen kwatoci. A ofis aka ce masa ƙarin girma ne. Shi bai taɓa jin an ƙara wa mutum girma zuwa cikin kwata ba, kuma ɗan kwangilar nan, an ce, an gan shi yana shinge a wata makaranta.

Bayan damina biyu bishiyoyin sun wuce tsawon mutum. Filin motocin ya zama lambu da gaske, tsofaffi na zama, masu jinya daga asibitin bayan kasuwa na fitowa shan iska. Otal bai tashi ba, ko da yake duk allon da aka kafa a wurin sai ya je ya karanta shi harafi-harafi. Ya koyi gyaran sarƙar keke da ɗaure wayoyin ƙafarsa, yana facin baro da keken guragu da ƙwallo. Abin da ke shigowa bai kai na da ba, keken ɗinkin maiɗakinsa ne ke cike giɓin. Tarin ya ragu har yakan yi mako bai yi ba. Ita ta ce iska ce ta gyaru, labulenta ma yanzu sai ya yi wata bai yi baƙi ba. Shi ya ce bari dai a ga sanyi ya wuce.

Dogo ne ya tsaya masa a rai. Wata Alhamis ya rufe bahonsa da katako, ya shiga bas biyu, ya sauka bayan gadar sama. Duk motocin da aka hana titin kasuwa kamar nan suka tattaro. Hayaƙi ya shaƙe shi tun daga bakin hanya. Ya sami Dogo kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kawai a waje. Ya yi sallama. Ƙafafun suka daina motsi, sannan mai su ya zamo a hankali. Ya rame, gemunsa ya yi fari.

Suka gaisa kamar surukai. Dogo ya tura masa mazubin mai ya zauna a kai. Ya ce ya ji labarin ledoji. Ya ce rabin tsofaffin kwastomominsa ba su san inda ya koma ba, wurin kuma in an yi ruwa sai ya zama tafki. Sai ya ɗauki sifana yana gogewa.

"Tsakaninka da Allah, takardar nan ta bakin ƙofa, ka koma daga baya ka sa hannu?"

"Ban sa ba."

"To me ya sa aka bar ka?"

"Sun ce don masu keke. Ni ma har yau ban gama yarda ba."

Dogo ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ana haka wata motar kaya ta shigo tana ɗingishi, tayar baya a ƙasa. Direban ya leƙo yana tambayar mai faci. Dogo ya ce wanda ke layin ya tafi cin abinci tun safe, kuma ko yana nan facinsa ba ya kwana. Ya kalli abokinsa ta gefen ido. Sai-na-gani ya naɗe hannun riga, ya ce a ba shi jak.

Tun daga ranar, Litinin da Alhamis can yake wuni, sauran kwanakin a gindin katangar gidan burodi. Suna raba shayi kamar da, maganar takarda ba ta ƙara tashi ba. Sau uku ya gayyaci Dogo ya zo ya ga yadda titin ya koma, sau uku Dogo na cewa sai aiki ya yi sauƙi, kuma har yau bai taka shi ba.